Yadda ake mayar da wasannin bidiyo shirye-shiryen talabijin masu dogon zango

Shekaru da dama masu harkar fim a Amurka na ɗari-ɗari da ɗauko labari daga wasan bidiyo, musamman bayan fim ɗin Super Mario Bros. na 1993, wanda bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba. Sai dai lamarin ya sauya tun daga watan Janairun 2023, lokacin da tashar HBO ta fara haska The Last of Us, wanda aka ɗauko daga wasan da kamfanin Naughty Dog ya fitar a 2013 domin na'urar PlayStation 3.

Me ya sa talabijin ta fi dacewa?

Dalili na farko shi ne lokaci. Wasa irin The Last of Us kan ci wa mai buga shi kusan sa'o'i 15 kafin ya kai ƙarshe, alhali fim ɗin silima bai cika wuce sa'o'i 2 ba. Shiri mai dogon zango kuwa yana da fili. Zangon farko na The Last of Us ya zo da kashi 9, abin da ya ba da damar bin tafiyar Joel da yarinyar nan Ellie a tsanake, yayin da suke ratsa Amurka bayan wata annoba ta ɗaiɗaita ta.

Na biyu, kamfanonin haska shirye-shirye ta intanet na neman labarin da ya riga ya tara masoya, domin hakan kan rage haɗarin asara.

Ina wahalar take?

A wasa, mai bugawa shi ke tafiyar da jarumi: shi zai ɓuya, shi zai yi harbi, shi zai ɗanɗana kuɗar kuskurensa. Mai kallon talabijin kuwa nasa ido. Saboda haka abin da ke riƙe mutum a wasa, kamar maimaita faɗa da lalube a kango, kan gundure shi a allo. Wannan ne ya sa Craig Mazin da Neil Druckmann, wanda ya rubuta wasan tun asali, suka rage faɗace-faɗace, suka ƙara nauyi a kan hira da alaƙar jarumai. Sun kuma sauya hanyar yaɗuwar cutar. A wasan ana iya shaƙar ta a iska, don haka jarumai kan sa takunkumi, amma a zangon farko na shirin an janye wannan, sai fuskokin Pedro Pascal da Bella Ramsey suka kasance a buɗe.

Akwai wata hanyar kuma. Masu shirin Fallout, wanda Amazon ya fitar a watan Afrilun 2024, ba su maimaita labarin wani wasa ba. Sun ari duniyar wasan ne, suka ƙirƙiro sababbin jarumai a yankin Los Angeles, ta yadda tsohon ɗan wasa da baƙo duk suka fara kallo a kan layi ɗaya.

Ba kullum ake dacewa ba

Masoya wasa ba su cika yafe sauyin da suke gani ya taɓa asalin labari ba. A shirin Halo na Paramount+, jarumi Master Chief ya cire hular kwanonsa, abin da ya harzuƙa da yawa daga cikinsu, kuma an dakatar da shirin a 2024 bayan zango 2. Shi ma Resident Evil na Netflix bai wuce zango ɗaya ba a 2022.

Abin lura ga iyaye

Kasancewar shiri ya samo asali daga wasa ba ya nufin na yara ne. The Last of Us da Fallout duk na manya ne, akwai zubar da jini da abubuwan da ba su dace da ƙananan yara ba. Yana da kyau magidanci ya duba alamar shekarun da ke jikin kowane shiri, ya kuma sa lambar sirri a manhajar kallo kafin ya miƙa wa yara waya ko rimot.