Kwafe Mabuɗan Rajistar Windows ta Hanyar Rubutaccen Umurni

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake kwafe wani sashe na rajistar Windows a ajiye shi cikin fayil, kafin a taɓa shi ko kafin a sake na'ura. Za a duba mece ce rajista, da umurnin da ake kwafewa da shi, da yadda ake jera umurni cikin fayil guda, sannan a yi nuni ga wuraren da akan yi tuntuɓe.

2.0 Ma'anar Rajista

Rajista wani babban kundi ne da Windows ke adana bayanan tsarin na'ura da na manhajoji a cikinsa. Kamfanin Microsoft ya fara shigo da ita a Windows 3.1 a shekarar 1992, daga baya aka faɗaɗa aikinta a Windows NT da Windows 95. Siffarta kamar ta bishiya ce: akwai jijiyoyi biyar, kowace jijiya tana da rassa da ake kira mabuɗai, kowane mabuɗi kuma yana ɗauke da ƙimomi. Biyu daga cikin jijiyoyin sun fi shafar mai aiki, wato HKLM mai ɗauke da tsarin na'ura baki ɗaya, da HKCU mai ɗauke da tsarin mutumin da ya shiga na'urar a lokacin.

Abin lura shi ne, duk gyaran da aka yi a rajista nan take yake zama, babu maɓallin janyewa. Har ila yau, tun daga fitowar Windows 10 mai lamba 1803 a shekarar 2018, na'ura ta daina ajiye kwafin rajista da kanta a foldar RegBack. Saboda haka wanda ya goge mabuɗi bisa kuskure, alhali bai kwafe shi ba, yana iya rasa hanyar mayar da shi.

3.0 Umurnin Kwafewa

Tun daga Windows XP ta shekarar 2001, ana samun wata ƙaramar manhaja mai suna reg tare da Windows. Ga misalin yadda ake amfani da ita a layin umurni:

reg export "HKCU\Keyboard Layout" D:\Ajiya\madannai.reg /y

Wannan umurni ya ƙunshi sassa huɗu. Na farko shi ne aikin da ake so, wato fitarwa. Na biyu sunan mabuɗi ne, a nan kuwa mabuɗin da ke riƙe da jerin tsare-tsaren madannai, kamar tsarin Hausa mai lamba 00000468 wanda ake buga ɓ da ɗ da ƙ da shi. An sanya sunan tsakanin alamun zance domin akwai tazara a cikinsa. In ba haka ba, na'ura za ta ɗauke shi kalmomi biyu ne daban. Na uku shi ne fayil ɗin da za a zuba kwafin. Na huɗu, wato /y, yana ba da izinin rubutawa bisa tsohon fayil ba tare da tambaya ba. Mabuɗin yakan fita ne tare da dukkan rassan da ke ƙarƙashinsa.

4.0 Jera Umurni Cikin Fayil

Idan aikin na maimaitawa ne, sai a jera umurnin a fayil ɗin rubutu mai ƙarewa da .bat, kamar haka:

@echo off
set WURI=D:\Ajiya
if not exist "%WURI%" mkdir "%WURI%"
reg export "HKCU\Keyboard Layout" "%WURI%\madannai.reg" /y
if errorlevel 1 echo An kasa kwafe madannai
reg export "HKCU\Control Panel\International" "%WURI%\yanki.reg" /y
if errorlevel 1 echo An kasa kwafe yanki

Layi na biyu ya ba wurin ajiya suna, ta yadda in za a sauya shi, wuri ɗaya kawai za a gyara. Na uku yana ƙirƙiro foldar idan babu ita, domin reg ba ta ƙirƙirar folda da kanta. Layukan da suka biyo bayan kowane kwafi kuwa bincike suke yi, saboda reg takan mayar da lamba 0 in ta yi nasara, ta mayar da 1 in ta gaza. Muhimmancin /y ya fi fitowa a nan, domin ba don shi ba, fayil ɗin zai tsaya yana jiran amsa, ko da babu kowa a gaban na'urar.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

Na farko, mayar da kwafi da umurnin reg import haɗewa yake yi da abin da ya tarar. Yana gyara ƙimomin da aka sauya, yana dawo da waɗanda aka goge, amma ba ya cire waɗanda aka ƙara bayan an yi kwafin. Mai zaton rajista ta koma daidai yadda take a da yana iya yin kuskure.

Na biyu, HKCU tana bin wanda ya gudanar da umurnin ne. Idan aka sa na'ura ta riƙa gudanar da fayil ɗin da dare da sunan wani asusu dabam, to tsarin wancan asusun za a kwafe, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito.

Na uku, a Windows mai bit 64, tsofaffin manhajoji masu bit 32 suna ajiye bayanansu na HKLM\Software a reshen WOW6432Node. Ana ƙara /reg:32 ko /reg:64 domin fayyace wanda ake nufi.

Na huɗu, fayil ɗin .reg rubutu ne da kowa zai iya buɗewa ya karanta, kuma wasu manhajoji kan ajiye lambar lasisi ko wani sirri a rajista. Bugu da ƙari, ba ya ɗauke da bayanin wanda aka ba izinin taɓa mabuɗin. Mai bukatar wannan sai ya koma ga umurnin reg save, wanda ke neman ikon mai kula da na'ura.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa layi guda ya isa a kwafe mabuɗi, layuka bakwai kuma sun isa a mayar da aikin na kullum. Sai dai kwafin da ba a duba ba, ba abin dogaro ba ne. Ya kamata mai aiki ya buɗe fayil ɗin da Notepad, ya tabbata layin farko ya ƙare da lamba 5.00, sunan mabuɗin da ya nufa kuma ya biyo baya, sannan ya ajiye kwafin a wata ma'ajiya dabam da na'urar da aka ɗauko shi.