Makokin Gambu: ta'aziyyar da aka yi ƙasa-ƙasa

A shekarar 2016 Allah ya yi wa Alhaji Muhammadu Gambo Fagada rasuwa, mutumin da ƙasar Hausa ta fi sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Fagada tana cikin ƙaramar hukumar Maiyama a jihar Kebbi, don haka mu mutanen Jega da Aliero da Maiyama rashin namu ne, a gida aka yi mana shi. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne yadda mutane suka rasa ta inda za su kama ta'aziyyar. Sai ka ga dattijo a tashar Jega ya ce wa abokinsa, "Ka jiya Gambu ya kwanta dama?" sannan ya waiga ya ga ko wa ke kusa, kafin ya ce, "Allah shi jiƙanai."

Ba haka aka yi da Mamman Shata ba. Da ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, gidajen rediyo sun yi ta sa waƙoƙinsa, babba da yaro kowa ya nuna alhininsa a fili. Haka aka yi wa Ɗanmaraya Jos a watan Yunin 2015. Gambu kuwa, masoyansa ba su da iyaka, amma kaɗan ne za su tashi cikin taro su ce su masoyansa ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasarmu kowane makaɗi da mutanensa. Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo ya zagaye fadoji, gidan Ɗandawo ya riƙe Yawuri, Ɗan'anace ya kama 'yan dambe har sunan Shago ya kai ko'ina, Kassu Zurmi yana tare da 'yan tauri da mafarauta. Gambu ya ɗauki kalangunsa ya nufi mutanen da kowa ke la'anta. Ya yi musu kirari, ya ba da labarin fitarsu da dare, da kamun da aka yi musu, da dukan da suka sha, da zamansu a gidan kaso.

A Turai da Amurka akwai mawaƙan kiɗan rok, masu jita mai ƙara, waɗanda suka yi suna da bijire wa abin da manya ke so. Da Elvis Presley ya mutu ranar 16 ga Agusta, 1977, dubban mutane sun yi cincirindo a ƙofar gidansa da ke Memphis, kuma har yanzu duk shekara ana taruwa can a kunna kyandir. Legas ma ta cika ta batse ranar jana'izar mawaƙi Fela a watan Agustan 1997. In akwai wanda ya yi kama da su a wurinmu ta fuskar ƙetare iyaka, to Gambu ne: mawaƙin da iyaye ke hana 'ya'yansu ji, alhali su iyayen sun haddace shi. Sai dai mu ba mu da kyandir, ba mu da mutum-mutumi. Wanka ne, da likkafani, da salla, a kai mutum makwancinsa, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har sadakar uku. Duk son da kake wa mamaci, cikin addu'a za ka zuba shi. To ga mutumin da ake jin nauyin ambaton sunansa gaban malamai, ina masoyi zai kai nasa son?

Ni a motar kawuna na san shi. Kawu direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu, in an yi hutun makaranta nakan bi shi. Da mun wuce Maiyama mun miƙa hanyar Koko da Yawuri, dare ya raba, sai ya tura kaset ɗin Gambu don kada barci ya sace shi. Waƙar ba irin ta sauran makaɗa ba ce da gindin waƙa ke dawowa kowane ɗan lokaci ka huta. Labari ne yake kwararowa da tsantsar Sakkwatanci, sunan gari bayan sunan gari, kasuwa bayan kasuwa, ga zambo, ga habaici, ga karin maganar da ba ka taɓa ji a bakin kowa ba. Kana jin garuruwan da kake ratsawa suna fitowa daga rediyon mota.

Kawu kuwa ba wanda ya kai shi ƙin ɓarawo. An taɓa yanke masa tamfol a hanya aka sauke buhuna, shi ya biya mai kaya daga aljihunsa. Na tambaye shi yadda yake iya sauraron mai yabon irin waɗanda suka cuce shi. Ya ce, "Ɗana, ba satar nika saurare ba, bakin nika saurare. Wanga mutum Allah ya ba shi magana."

Innata ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. A gidansu aka taɓa kwance bijiman noma ana gab da shuka, wannan damina da hannu suka yi ta, kuma ba su ci abin kirki ba. Ba a sa Gambu a tsakar gidanta. Ina ganin tana da gaskiyarta, kuma duk mai son Gambu ya kamata ya iya kallon irinta ido da ido. Kirari yana ƙara wa mutum ƙarfin hali, ko a kan alheri ko a kan ɓarna, kuma kyautar da ɓarawo ya yi wa makaɗi ba guminsa ba ne, na wani bawan Allah ne. Masu cewa ɓarayin da masu mutunci ne don ba su kashe rai, ban bi su ba. Yanzu da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka a Zamfara da Sakkwato da yankin Zuru, kunnen da muke jin waƙoƙin nan da shi ya sake, kuma daidai ne ya sake.

Abin da ya buɗe bakin mutane lokacin rasuwar shi ne tubarsa. A ƙarshen rayuwarsa Gambu ya bayyana cewa ya bar waƙar ɓarayi. Shi ya sa kusan duk wanda na ji zai yi masa addu'a sai ya fara da, "Ai ya tuba," kamar mai neman izini. Na yi murna da tubar, Allah ya karɓa. Amma Musulmi ne, addu'a haƙƙinsa ce a kanmu ko ba mu ji labarin tubarsa ba, kuma addini ya hane mu da zagin matattu. Ban ga abin kunya ba ga mutum ya ce, "Na yi baƙin cikin rashin wannan baki, ban kuma yarda da waɗanda ya wasa ba." Zuciya ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun.

Malaman jami'a sun riga mu fahimtar haka. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ma ɗan Kebbi, ya rubuta littafi sukutum a kan waƙoƙin Gambu, ɗalibai kuma sun yi ta nazarinsu don hikimar harshe da hoton rayuwar karkara da ke ciki. Amma ainihin muryar tana hannun masu tura waƙa a waya a bakin kasuwa, an kwafo daga tsofaffin kaset, wata ta yanke a tsakiya, wata an laƙa mata sunan da ba nata ba, ba shekara, ba wurin da aka yi ta. Waɗanda suka riƙa masa kalangu su ne za su iya cewa wannan a gari kaza aka yi ta, ga kuma abin da kalma kaza ke nufi. Daga jami'ar da ke Aliero zuwa Maiyama ba wata tafiya ba ce, kuma duk wanda ya rage cikin makaɗan nasa yanzu tsoho ne.