Shirya Mazaunin Kifi a Gida: Misali daga Ƙauyukan Hausawa na Bakin Shuɗin Nilu

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas har ƙasar Sudan. Garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, sunansa yake ɗauke da shi har yau. Wasu Hausawan, waɗanda hanyar aikin hajji ta kawo, sun zauna a ƙauyukan Jazira suna noma a gonakin rani da madatsar Sinnar ta 1925 take shayarwa. Wasu kuma su suka riƙa, musamman a tafkin madatsar Rusairis da aka gama a 1966.

Masunci ya san kifi, amma kamu daban, kiwo daban. Yana iya ajiye tarwaɗa da rai a daro kwana ɗaya ko biyu kafin ranar kasuwa. Wanda yake so kifi ya yi watanni a gidansa, ko don ci ko don sha'awa, aikinsa na farko ba a kan kifin yake ba, a kan ruwan yake.

Kafin komai sai a duba irin dabbar da ruwan wurin zai iya ɗauka. Akwai wata dabbar ruwa da masu kiwon sha'awa a Turai da Amurka suke so ƙwarai, ana kiranta aksolotil. Siffar ƙadangare gare ta, amma danginta su ne kwaɗi. Tana da wasu rassa uku a kowane gefen kai, kamar gashin tsuntsu, da su take numfashi cikin ruwa, kuma idan ƙafarta ta guntule wata takan tsiro. Asalinta tafkunan da ke birnin Meziko ne, inda ta kusa ƙarewa, ko da yake tun da aka kai ta Faris a 1864 ake hayayyafa ta a ɗakunan bincike. Wanda ya taɓa ganin 'ya'yan gaiwa ba zai yi mamakin siffarta ba, domin su ma da irin waɗannan rassa suke fara rayuwa. Sai dai ruwan sanyi take so, digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyos, in ya wuce 24 sai ta fara galabaita. A Wad Madani kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Sai da na'urar sanyaya ruwa da lantarkin da ba ya yankewa za ta rayu a can, wannan kuwa ba zancen ƙauye ba ne, balle bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke a 2023.

Kifin da ya dace shi ne na kogin. Karfasa, wadda Larabcin Sudan yake kira bulɗi, tana son ruwa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30. Tarwaɗa, wato garmuɗ, ta fi ta juriya, domin takan taso sama ta shaƙi iska idan ta ruwan ta yi kaɗan. Ɗalibi zai riƙa cin karo da irin waɗannan kalmomi na Larabci a bakin Hausawan Sudan, abin da Al-Amin Abu-Manga ya yi littafi guda a kansa a 1999.

Mazaunin kansa ba wuya. Durom na roba mai cin lita 200 ya isa, muddin ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba. In tankin siminti ne sabo, sai a cika shi a bar shi ya kwana biyu, a zubar, a sake, har tsawon mako biyu, saboda sabon siminti yana sakin kaifi mai ƙona fatar kifi. A inuwa ake ajiye shi.

Ruwan da za a zuba iri uku ne a wannan yanki, kowanne da aibinsa. Na kogi yakan yi laka da damina. Na famfo, inda ake sa masa magani, yana ɗauke da kilorin, wanda yake kashe kifi. Na magudanan gona kuwa ya fi kowanne haɗari: yana iya kwaso maganin feshin auduga, kuma a cikinsa ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya suke zaune, cutar da ta daɗe tana addabar manoman Jazira. Maganin feshi ba shi da wata dabara sai a guji ruwan. Sauran kuwa haƙuri ne maganinsu. Idan aka tace ruwa da ƙyalle aka bar shi a buɗe kwana biyu cur, laka za ta kwanta, kilorin zai fice, ƙananan tsutsotsin tsargiya kuma za su mutu, domin ba sa daɗewa in ba su sami jikin mutum ba. Wannan ya shafi yaran gida fiye da kifin, tunda su za su riƙa tsoma hannu.

Amma ruwa mai haske ba shi ne ruwa nunanne ba, kuma a nan mafi yawan masu farawa suke asara. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin wani sinadari mai guba, amoniya, wanda ido ba ya gani. A kogi ruwa yana tafiya da shi. A durom taruwa yake yi, kuma zafi yana ƙara masa dafi. Abin da yake cinye shi wasu ƙwayoyin bakteriya ne. Kashi ɗaya suna juya amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su juya wannan zuwa naitiret, mai sauƙin illa. Ba a cikin ruwan suke yawo ba, a jikin abu suke manne: bangon tanki, tsakuwa, katangar fasasshen tulu. Sabon durom ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita.

Saboda haka sai a jera fasassun tukwane a ƙasa, a cika ruwa, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum kamar akwai mai ci, don ƙwayoyin su sami abin yi. In maƙwabci yana da tsohon tanki mai lafiya, tsakuwa cikin tafi ɗaya daga wurinsa takan rage kwanakin jira. Masu hali suna auna ruwan da takardar gwaji har amoniya da naitirayit su ɓace. Wanda ba shi da ita, sai ya ƙirga makonni, kada ya bi ido. Wanda ya sayo 'ya'yan kifi hamsin ya zuba a sabon durom ran da ya cika shi, yakan ga suna ta iyo lafiya kwana uku ko huɗu, sannan su fara tasowa sama suna haki, kafin mako ya zagayo ya kwashe gawa, ya kuma ɗora laifin a kan mai sayarwa.

Ranar da za a sa kifi, biyar ko shida sun isa a farko. Akan ɗora ledar da aka kawo su a kan ruwan kamar minti 30, zafin ya daidaita, sannan a sake su. Daga nan kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a ba shukar kuɓewa ko tumatir, a maye da wanda ya kwana biyu. Fasassun tukwanen nan ba a goge su da sabulu, ba a kuma shanya su a rana. In sun yi datti, da ruwan tankin ake ɗauraye su. A rufe bakin durom da guntun koma a ɗaure, domin tarwaɗa takan yi tsalle ta fice da dare, kyanwa kuma ba ta barci.