Kabad Ɗin Littattafai na Makarantarmu: Wa Ke Riƙe da Mabuɗi?

'Yan'uwa manoma, idan muka taru a ƙungiyoyinmu na gama kai, zancenmu bai wuce na taki da iri da kuɗin masara ba. Yau ina so mu ɗan leƙa makarantun da 'ya'yanmu ke zuwa a Dutsen Abba da ƙauyukan da ke kewaye da Tudun Wada. A yawon aikin gona nakan ratsa makarantun firamare, in roƙi a nuna mini inda ake ajiye littattafai. Sau da yawa kabad ɗaya ne a ofishin hedimasta, a kulle. In an buɗe, sai ka tarar gara ta ci na ƙasa, na sama kuwa na Turanci ne da aka kawo kyauta daga Ingila ko Amurka, masu labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaron aji uku da bai iya haɗa baƙi da wasali da harshen uwarsa ba, me zai tsinta a ciki?

Abin kunya ne a ce haka na faruwa a ƙasar Zazzau, domin nan ne gidan littafin Hausa. A Zariya aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Hukumar NORLA, daga 1954 zuwa 1959, ta buga ƙananan littattafai masu araha saboda Yaƙi da Jahilci, sannan kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Kakanninmu da ba su taɓa zama a aji ba sun koyi karatu da waɗannan. To, makarantar da ba ta da Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, ba ta fara tara littattafai ba tukuna.

A ganina kashi uku ya kamata kabad ya ƙunsa. Na labarai da Hausa su fi yawa, don su ne ke jawo yaro. Sai na Turanci masu sauƙi da hotuna, da ƙamus ko da guda ɗaya. Na uku shi ne wanda ake mantawa: takardun aikin gona. Hukumar NAERLS da ke Samaru tana wallafa ƙasidu a kan noma da kiwo da adana hatsi. Yaron da ya ɗauki irin wannan takarda zuwa gida, ya karanta wa mahaifinsa yadda ake tazarar shuka, ya yi aikin malamin gona ba tare da an biya shi ba.

Amma littafi ba ya kula da kansa. Hedimasta yana kullewa ne don tsoron ɓata, kuma ba zan ga laifinsa ƙwarai ba, tun da ba a koya wa kowa yadda ake ba da aro ba. Wannan sana'a ce da ake karanta ta. Wani Bature daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a 1963 a kan bukatun laburare a Arewa, kuma a 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin, inda aka fara ba da digirin farko na wannan fanni a Nijeriya. Ana koyon zaɓen littafi, da yi masa rajista, da ba shi lamba bisa tsari. A tsarin Dewey, misali, duk abin da ya shafi noma yana ƙarƙashin lamba 630, ko a Samaru ko a Landan. Yanzu an ƙara da aikin kwamfuta da neman bayani a intanet. Digiri shekara 4 ne bayan sakandare. Wanda ya gama yana iya aiki a Laburaren Kashim Ibrahim, ko cibiyoyin bincike, ko kotu, ko gidan rediyo, kuma tun 1995 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa masu sana'ar rajista. Iyaye da yawa likita da lauya kaɗai suka sani. Yarinyar nan taku mai son karatu da tsabtar aiki, ku gaya mata akwai wannan hanya, kuma ba sai ta bar Zariya ba.

Kafin ta gama, ga abin da ƙungiya za ta iya. Da kaka, kowane mamba ya ba da tiya ɗaya ta masara, a sayar, a sayi littattafan Hausa. Kafinta ya ɗaga kabad daga ƙasa, a janye shi daga bango saboda gara da damshi. A sayi littafin rubutu mai kauri, a ja masa layi huɗu: sunan yaro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Sannan shugabanninku su zauna da hedimasta, a zaɓi malami ɗaya da manyan ɗalibai biyu, a ba su mabuɗi, a sa ranar Juma'a ta zama ranar aro.