Littattafan Tsallaka Zamani: In Kuɗin Aljihunka Ya Mutu, Da Me Za Ka Ci Kasuwa?

Duk wanda ya ci kasuwar Jibiya ko Illela ko Maigatari a watan Fabrairun 2023 ba zai manta da abin da idonsa ya gani ba. Mutum ya baro Maraɗi ko Ƙonni da damin naira, kuɗin da ya karɓa da hannunsa makonni kaɗan da suka wuce, ya miƙa wa mai hatsi, mai hatsi ya juya takardar ya ce masa, "Alhaji, ai wannan tsohuwa ce." Babban bankin Najeriya ne ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya kuma sa wa'adi, kafin kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin a watan Maris, jama'a da dama sun riga sun karyar da nasu. Dattawanmu kuwa sun ga irin haka tun Afrilun 1984, lokacin da aka canza launin naira aka rufe iyaka, sannan suka sake gani a Janairun 1994, da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20 na sefa.

Mun kawo wannan ne saboda tambayar da wani matashi mai jiran kaya a bakin duwan ya aiko mana a gidan rediyo. Ya ce kwanaki yake yi a zaune yana jiran a sallami mota, ya gaji da finafinan waya, yana so mu gaya masa littattafan da ake labarin mutum ya koma zamanin da ya wuce ko ya tsallaka zuwa zamanin da bai zo ba. Waɗanda suka yi lakwal ko boko galibi sun san littafin Bature H. G. Wells na 1895 mai suna The Time Machine, wato injin zamani. To amma akwai wasu da ba su yi suna kamarsa a wajenmu ba, kuma da muka bi su sai muka tarar da yawansu suna tambayar abin da ɗan kasuwar iyaka ya saba tambayar kansa: idan zamani ya juya maka baya, kuɗinka da takardunka da sunanka suka daina aiki, me zai rage a hannunka?

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kowa ya san ƙissar Ashabul Kahfi a cikin Alƙur'ani mai girma, samarin da suka yi barcin shekara 309, suka farka suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci, kuma masu tafsiri sun ce tsufan kuɗin ne ya bayyana su. Waccan gaskiya ce daga Allah. Waɗanda za mu ambata a nan kuwa ƙagaggun labarai ne na 'yan Adam, a karanta su a matsayin haka.

Basha ya fito daga kabari

Na farko shi ne Hadisu Isa bin Hisham na Muhammad al-Muwailihi, ɗan jaridar ƙasar Masar. Ya fara fitowa kashi-kashi a jaridar Misbahus Sharƙ daga 1898, aka haɗa shi littafi a 1907. Mai ba da labarin ya yi mafarki yana yawo a maƙabarta da dare, sai kabari ya tsage, wani Basha ya fito, Ahmad al-Manikali, wanda ya riƙe ma'aikatar yaƙi a zamanin Muhammad Ali. Basha ya nemi a raka shi gidansa, yana zaton duk Alƙahira babu wanda bai san gidan ba, sai aka gaya masa yanzu da sunan titi da lamba ake gane gidaje, ba da sunan mai gida ba.

Ba su yi nisa ba wani mai hayar jaki ya maƙale masa, ya ce ai shi ya yafuto shi, sai ya biya. Basha, wanda ya saba a zamaninsa talaka ba ya ɗaga masa ido, ya kai wa mutumin duka. Nan take ya tsinci kansa a hannun 'yan sanda, daga can sai kotu, a ƙarƙashin dokokin da aka kwaso daga Turai, a lokacin da Ingila ke juya Masar. Aka yanke masa ɗauri, sai a ɗaukaka ƙara ya kuɓuta. Da lauya ya nemi haƙƙinsa, Basha ya tafi neman wakafin da ya bari, ya tarar ya lalace, jikansa kuma yana watanda da abin da ya saura. Duk wanda ya taɓa barin shago a hannun yaro ya yi doguwar tafiya zai ji wannan babi a jikinsa. Larabcin littafin mai nauyi ne, da ƙafiya irin ta maƙamai, don haka almajiran da suka yi nisa za su fi jin daɗinsa. Roger Allen ya fassara shi zuwa Ingilishi.

Wanda lissafi ya cece shi

Na biyu mun fi so 'yan kasuwa su nema. Sunansa Lest Darkness Fall, na L. Sprague de Camp ɗan Amurka, ya fito a mujalla a 1939, ya zama littafi a 1941, kuma an fassara shi da Faransanci da sunan De peur que les ténèbres. Wani masanin kayan tarihi, Martin Padway, yana birnin Rum a 1938 sai tsawa ta faɗi kusa da shi, ya buɗe ido ya ga kansa a wannan birni amma a shekarar 535.

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowanenmu zai yi in ya sauka baƙuwar ƙasa: ya nemi ɗan canji. Kuɗin takarda ba su tsinana masa komai ba, silallan da ke aljihunsa ne ɗan canjin ya auna ya biya shi gwargwadon ƙarfen da ke cikinsu. Daga nan ya je wurin wani mai ba da rance, Tomasus ɗan Sham, ba shi da jingina, ba shi da wanda zai tsaya masa. Sai ya lura malaman Tomasus suna wahala da lissafi da haruffan Rumawa, waɗanda ba su da sifiri. Ya koya musu lambobin da muke amfani da su yau da yadda ake tsara littafin shiga da fita, a kan haka aka sassauta masa sharuɗɗan bashin. Sana'ar da ya fara da ita tace barasa ce, ba abin koyi ba ne a wurinmu, amma daga ribarta ya kafa maɗaba'a da jarida da hanyar aika saƙo daga hasumiya zuwa hasumiya.

Abin da ya burge mu shi ne marubucin bai mai da shi mai iya komai ba. Ya gwada haɗa albarushi ya kasa, ya gwada ƙera agogo ya kasa, domin sanin sunan abu daban, iya yinsa daban. Abin da ya iya da hannunsa da kansa, shi kaɗai ya bi shi ya ƙetare shekaru 1,400.

Mai son gyara jiya

Na uku na masu Faransanci ne: Le Voyageur imprudent, wato matafiyi marar hattara, na René Barjavel, wanda ya fito kashi-kashi a 1943, ya zama littafi a 1944, a tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Malamin lissafi Pierre Saint-Menoux ya haɗu da wani masani, Noël Essaillon, da ya gano sinadarin da ke kai mutum gaba ko baya a zamani. Da farko ilimi suke nema, har Saint-Menoux ya kai shekara ta 100,000. Bayan mutuwar masanin sai kwaɗayi ya shiga, ya riƙa komawa baya yana ɗauke dukiyar mutane yana ɓacewa, yana ganin ai babu mai kama shi.

A ƙarshe ya yanke shawarar komawa 1793, wurin yaƙin Tulon, ya harbe Napoleon tun yana ƙaramin hafsa, don ya ga ko tarihi zai canza. Wani soja ya shiga tsakani harsashin ya same shi, ashe kakan kakansa ne, tun bai haihu ba. To in kakan bai haihu ba, wa ya haifi mai harbin? In kuma babu mai harbin, wa ya kashe kakan? Wannan ƙulli ya sa ake yawan ambaton littafin a tsakanin masana irin waɗannan labarai. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne, da yawanmu mun taɓa cewa, "Da na san za a rufe iyaka a Agustan 2019, da na cika sito da shinkafa." Barjavel yana nuna cewa wanda ya samu damar gyara jiya don amfanin kansa, ba ya sanin igiyar wa yake tsinkewa.

Sauran da ya kamata a nema

Akwai Rihlatut Turshaji al-Halwaji na Khairi Shalabi, shi ma ɗan Masar, wanda sunansa ke nufin tafiye-tafiyen mai sayar da kayan tsami da alewa. Jarumin yana ɗaure da agogon da ke nuna shekarar Hijira, yana faɗawa zamanin Faɗimiyawa da Ayyubawa da Mamluka ba da son ransa ba, har ya haɗu da Jauhar wanda ya kafa Alƙahira da malamin tarihi Maƙrizi. Littafin raha ne, kuma an fitar da fassararsa ta Ingilishi a 2010.

Akwai Kindred na Octavia Butler, baƙar fatar Amurka, na 1979, wanda a Faransanci ake kira Liens de sang. Wata mata mai suna Dana tana zaune a gidanta a 1976, sai ta riƙa tsintar kanta a gonar bayi a jihar Maryland a farkon ƙarni na 19, duk lokacin da ran ɗan mai gonar ke cikin haɗari. Dole ta cece shi, domin ta gano daga tsatsonsa ta fito. A can baƙar fatar da ba ta riƙe da takardar 'yanci kowa na iya kama ta ya sayar. Ba littafin dariya ba ne, kuma ba ta dawo gida da jikinta cikakke ba.

Masu son sanin mafari su nemi El anacronópete na Enrique Gaspar ɗan Sipaniya, na 1887, shekara 8 kafin na Wells, inda wani babban akwatin ƙarfe mai aiki da lantarki ya tashi daga baje kolin birnin Paris na 1878 ya nufi baya. Sai kuma L'An 2440 na Louis-Sébastien Mercier, na 1771, inda mutum ya yi barci ya farka a Paris ɗin shekarar 2440, ya tarar an kawar da bauta, har an kafa gunkin tunawa da baƙin mutumin da ya 'yantar da bayi. Hukumomin Faransa sun haramta littafin, shekara 20 bayan fitowarsa kuwa bayin Haiti suka yi tawaye.

Ina za a same su?

Na Mercier da na Gaspar da na Muwailihi sun tsufa ƙwarai, ana samun su kyauta a intanet cikin harsunansu na asali, ana iya sauke su a waya. Sauran kuwa a rubuta sunan littafi da na marubuci a takarda a ba masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, ko a saƙa wa abokin ciniki mai zuwa Yamai ko Kano ko Kwatano. Wanda bai iya harshen ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya karanta, ya riƙa ba shi labarin da Hausa bayan sallar isha'i, yaro ya ƙaru da harshe, uba ya ƙaru da labari.

Muna kuma kira ga marubutanmu na Kano da Maraɗi da Damagaram. Tun 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Me zai hana a ɗauko madugun fatake na hanyar Gwanja, da jakunansa da buhunan wuri, a ajiye shi a shingen Ɗan Isa yau, a ce ya fito da takardun kaya? Ko a ɗauki ɗan canjin da ya saba tura kuɗi ta waya a jefa shi kasuwar Kurmi ta zamanin wuri, mu ga ko zai ci abincin dare?

Ga matashin da ya aiko mana tambaya, shawararmu ita ce ka fara da labarin Padway in ka samu, in kuma Larabci ka fi ƙarfi ka fara da Basha. Kana karantawa kana duba kanka: ban da abin da ke cikin jaka da sito, wace sana'a ce a hannunka, wane lissafi ne a kanka, kuma mutum nawa ne a ƙetaren iyaka za su ba ka kaya a kan maganar bakinka kawai? Allah Ya sa a sallami motarka da wuri, Ya ba mu kasuwa mai albarka.