Ina Ruwan Tankin Kifi Yake Ƙarewa?

Kiwon tarwaɗa ya samu karɓuwa a birnin Sakkwato. A unguwanni irin su Sama Road, inda gidaje ke da fili da rijiyar burtsatse, ma'aikaci ko ɗan fansho kan kafa tankin siminti ko na tamfal a tsakar gida, ya zuba 'ya'yan kifi dubu, bayan wata biyar ko shida masu gashi da masu banda su zo su auna. Sana'a ce mai rufin asiri. Sai dai duk bayan kwana biyu ko uku sai an buɗe bututun tankin, koren ruwa mai ƙarni ya bi kwata. Mai kifi ya san kuɗin abincinsa har kwabo, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa lissafa abin da ruwan nan ya ɗauka, balle inda zai kai shi.

A wasu ƙasashen da ke kiwo cikin teku, sai da wannan lissafin ake ba da lasisi. A Sikotlan ana kiwon kifin salmon cikin manyan kejin raga da ake girkewa a kan ruwa. Ragowar abinci da kashin kifi suna nutsewa su taru a ƙasa, bakteriya su cinye iskar oksijin wajen ruɓar da su, wurin ya koma baƙin taɓo mai ɗoyi, ƙananan halittun da ke ciki su mutu. Don haka masana a cibiyar binciken teku da ke kusa da garin Oban suka ƙirƙiro manhajar kwamfuta mai suna DEPOMOD, suka wallafa bayaninta a 2002. Ana ba ta zurfin ruwa, da ƙarfin gudunsa da inda ya dosa, da yawan abincin da za a zuba kullum, da saurin nutsewar ƙwayar abinci da na kashi. Ita kuma sai ta bi dubban ɓarɓashi a lissafe, ta zana taswirar inda za su sauka da kaurin da za su yi. Da irin wannan taswira hukumar kare muhallin ƙasar, SEPA, take yanke yawan kifin da za a yarda a zuba. Bayan an fara kiwo kuma a koma a ɗebo taɓon a auna, a ga ko hasashen ya yi daidai. Ƙasar Norwe ta ƙara gaba: tun 2017 ta raba gaɓar tekunta shiyya 13, kowace da launinta, kore ko rawaya ko ja, gwargwadon lissafin yadda ƙwarƙwatar kifi ke bazuwa daga keji zuwa salmon da ba na kiwo ba. Shiyyar da ta yi ja, sai a rage mata kiwo da kashi 6 cikin ɗari.

Wani zai ce ina Sakkwato ina teku. Ai rashin tekun ne ya sa muka fi su buƙatar lissafin. Su suna da igiyar da ke tashi ta sauka sau biyu a rana tana wanke ƙarƙashin keji. Mu kwata muke da ita, wadda da rani ba ta gudu.

Kuma tushen lissafin bai fi ƙarfin biro da takarda ba. A ce tarwaɗa dubu ta kai kilo ɗai-ɗai bayan ta ci buhu 80 na abinci mai kilo 15, wato kilo 1,200. Idan furotin ɗin abincin kashi 42 ne cikin ɗari, sinadarin naitirojin da ke ciki ya kai kilo 80. Abin da ya zama tsoka a jikin kifin bai wuce kilo 27 ba. Sauran kilo hamsin da 'yan kai ya fita, yawancinsa amoniyar da kifin ke fitarwa da kuma kashi. Buhun takin yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Ashe kowane zubi na kifi dubu, an juye fiye da buhu biyu na yuriya a kwatar unguwa.

Zafin garin nan yana ƙara wa abin nauyi. Ruwa mai sanyin digiri 10 yana riƙe oksijin kusan miligiram 11 a lita, amma a digiri 30 bai kai 8 ba, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa da zafi. Ita tarwaɗa tana leƙowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take rayuwa cikin ruwan da zai kashe karfasa, mai ita ya ɗauka lafiya lau. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ya kwanta a kwata yana tsatsafa cikin ƙasa. Amoniya kan juye ta zama naitiret, shi kuma ƙasa ba ta riƙe shi, yana bin ruwa har rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 a lita, musamman saboda jarirai. Tanki ɗaya ba zai ɓata rijiyar unguwa ba, amma tankuna nawa ne za su ɓata ta, cikin shekara nawa? Irin tambayar da hasashen kwamfuta ke amsawa ke nan, kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masana kifi da na ƙasa da za su iya, in sun haɗa kai da cibiyar binciken kifi ta New Bussa.

Kafin nan, mai tanki yana da abin yi. Ya haƙa rami ruwan ya fara kwanciya dauɗa ta zauna, ya kwashe ta ya yi taki, tataccen ruwan ya ba ayaba ko zogale ko alayyafo. Ruwan da aka zuba wa gishiri ko magani ne kaɗai bai kamata ya je ga shuka ba.

Babbar maganar tana madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, mai cin ruwa kubik mita miliyan 942, wadda kuma Sakkwato ke sha daga gare ta. Duk ranar da aka yi niyyar girka keji a can, hanyar auna abin da tafki zai iya ɗauka tana nan a rubuce: Malcolm Beveridge ya tsara wa hukumar abinci ta FAO ita tun 1984. Sinadarin fosfaras take bi, domin shi ne ke sa gansakuka ta rufe ruwan daɗi. Ana duba zurfin tafkin, da sau nawa ruwansa ke sabuntawa a shekara, da fosfaras ɗin da ke ciki tun kafin kifi ya zo, sannan a fitar da yawan tan ɗin da za a iya kiwo. Sai dai Goronyo ba ta da fuska ɗaya. A Satumban 2010 ambaliya ta ci garuruwa da gonakin da ke ƙasanta, a farkon 2018 kuma ruwanta ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin ɗari. Kejin da aka ƙayyade masa kifi bisa cikar damina, ƙazantarsa za ta taru ne cikin ɗan ruwan da ya rage a watan Afrilu, lokacin da masunta da manoman rani da famfunan birni duk suke dogare da shi. A ganina, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sa wa duk mai neman izini sharaɗin ya kawo lissafinsa bisa ruwan shekarar fari.