Lambar 4,294,967,297 da illar yanke hukunci bayan gwaji kaɗan

Lambar 4,294,967,297 ta haura biliyan huɗu, kuma tana da alƙaluma goma. Ana samun ta ne idan aka ninka 2 da kanta sau 32, sannan aka ƙara 1. Mara ce, tunda ta ƙare da 7. Tana cikin jerin lambobin Fermat, waɗanda suka fara da 3, 5, 17, 257 da 65,537. Duka biyar ɗin nan gagara-raba ne, wato babu lambar da ke raba su ba tare da saura ba sai 1 da su kansu.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin ɗalibai, har da wasu malamai. Da an ga lamba mara ce, sai a gwada ta da 3, da 5, da 7, in ta ƙi rabuwa, shi ke nan, an yanke mata hukuncin gagara-raba. Wannan ganganci ne. Jimillar alƙaluman 4,294,967,297 ita ce 59, saboda haka 3 ba ta raba ta. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Mai gwaji zai wuce 100, ya wuce 600, bai samu komai ba, amma duk da haka lambar tana rabuwa.

Shi kansa Pierre de Fermat, lauya kuma masanin lissafi ɗan Faransa, a nan ya yi tuntuɓe. A 1640 ya bayyana zatonsa cewa duk lambobin jerin gagara-raba ne, don biyar na farko sun cika sharaɗin. Sai a 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ne ke ba da 4,294,967,297 daidai. Waɗannan biyun kuwa kowace gagara-raba ce. Idan gwani irin Fermat ya ruɗu da misalai biyar, ina ga mai gwaji uku?

Wanda ke son tabbatarwa ba sai ya gwada har biliyan huɗu ba. Ya isa ya tsaya a lambar da in aka ninka ta da kanta za ta kai wadda ake bincike, a nan wajen 65,536. Kada ya ɓata lokaci da lambobin da su ma suke rabuwa. Ya kuma nemi siffar da dole mai rabawar ta kasance da ita. Euler ya tabbatar cewa mai raba wannan lamba tilas ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. Da haka gwajin ya koma 193, 257, 449, 577, sai 641, wadda take 64 sau 10 da ƙarin 1. Idan an samu amsa, a maimaita ninkawar da biro da takarda, domin ƙaramar kalkuleta mai gurbi takwas ba ta ɗaukar alƙaluma goma.

Har yau, duk da ƙarfin kwamfuta, ba a gano wata gagara-raba a jerin Fermat ba bayan 65,537.